Windows 11 a kan kwamfutocinmu na hannu: a hau ko a dakata?

Hajiya Mai Sakatariya, Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga suka hau Windows 11. Kwamfuta uku gare ni a shago, da su muke buga wa mutane takardar neman aiki, rasit na ƴan kasuwa, katin aure, da kundin kammala karatu na ɗalibai. Duka ukun Windows 10 ne a kansu. Tun da aka ce daga 14 ga Oktoba 2025 an daina kula da shi, hankalina bai kwanta ba. Ɗaya ta nuno saƙo cewa za ta iya hawa, biyu sun ce ba su cika sharaɗi ba. Yarinyar da ke taya ni aiki tana cewa mu danna kawai mu huta, ni kuwa aikin mutane ne a ciki, ba nawa kaɗai ba. Don Allah wanda ya yi da hannunsa ya faɗa mini abin da ya gani, daɗinsa da wuyarsa.

Mai Gyaran Kwamfuta, Babbar Kasuwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko ki kwantar da hankalinki, kwamfutocinki ba za su mutu ba. Windows 10 zai ci gaba da tashi, Word zai buɗe, firinta za ta buga. Abin da ya tsaya shi ne mizajur ta tsaro, wato sabuntawar da Microsoft ke turowa kowane wata. Kamar gida ne da maigadi ya bar aiki: gini na nan, ƙofa na nan, amma in ɓarawo ya gano wata kafa babu mai zuwa ya toshe ta.

Batun biyun da suka ƙi, kusan kullum dalilin ɗaya ne daga cikin abu biyu. Ko dai ƙwaƙwalwar injin (processeur) ta tsufa, ko kuma abin da ake kira TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin injin, a kashe yake. Windows 11 yana son Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama, da RAM giga 4, da fili giga 64 a faifai, da Secure Boot (tsaron lokacin tashin injin). Ki duba lambar ƙwaƙwalwar: in kin ga i5-6300U, wannan 6 ɗin na farko yana nufin zubi na 6, ba ta shiga ba. In kin ga i5-8250U, ta shiga. Galibin injinan da ke shigowa Maraɗi na hannu zubi na 4 zuwa na 7 ne, shi ya sa saƙon nan ya cika gari.

In ko TPM ne, sau da yawa yana ciki, ba a kunna shi ba ne kawai. Ki danna maɓallin Windows da R, ki rubuta tpm.msc, zai faɗa miki. A cikin BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, sunansa PTT a injinan Intel, fTPM a na AMD. Na sha kunna shi injin ya karɓa nan take.

Ɗan Kasuwa Mai Kawo Kaya daga Kano

Hajiya, ni ban ga abin dogon tunani ba. Duk injin da na ɗauko daga Beirut Road yanzu da Windows 11 nake sayar da shi, ko zubi na nawa ne. Ana sa shi a kile (filashin USB) da wata manhaja mai suna Rufus, a cire sharaɗin TPM ɗin, shi ke nan. Masu saye ba su dawo mini da ƙorafi ba. Ki kawo biyun a hau musu.

Mai Gyaran Kwamfuta, Babbar Kasuwa

Alhaji, ba sa dawo maka ne saboda wurinmu suke zuwa. Ban ce Rufus ba ya aiki ba, yana yi, ni ma ina amfani da shi. Amma a faɗa wa mai saye gaskiya. Microsoft ta rubuta a fili cewa injin da aka hau wa ta wannan hanya ba shi da tabbacin samun mizajur. Ƙananan na wata-wata suna zuwa a yawancin waɗanda na gani, amma babbar ta shekara ba ta saukowa da kanta, sai an sake ɗaukar kile an yi da hannu. Wanda bai sani ba zai zauna kan tsohon zubi har wa'adinsa ya ƙare, yana zaton yana cikin kariya. Sannan tun zubin 24H2 da ya fito a Oktoba 2024, tsofaffin injina irin Core 2 Duo ko tashi ba sa yi da shi, ko wace dabara aka yi.

Ɗan Kasuwa Mai Kawo Kaya daga Kano

To ƙanena, mai jikka talatin ko arba'in a hannu ka ce masa ya je ya nemo zubi na 8? Ai mutane abin da aljihunsu ya kai suke saye. In na ce masa Windows 10 ne a kai, sai ya wuce teburin gaba.

Malam Mai Ritaya, Bagalam

Alhaji, maganarka da gaskiya a ciki, aljihu shi ka yanke hukunci. Amma wanda ya ba ka kuɗinshi yana da haƙƙin ya san mi ya saya. Ka ce mishi an hau ne ta bayan gida, in ya yarda ya ɗauka, babu zalunci.

Ni tawa ta cika sharaɗi, ɗana ya hau mini. Abin da zan faɗa wa Hajiya shi ne batun wuta. Mun fara da yamma, ya kai wurin nan da allo ka yi shuɗi yana ƙirga kashi-kashi yana cewa kada a kashe, sai aka ɗauke kuran. Batirin tawa ya daɗe da lalacewa, nan take ta mutu. Da wuta ta dawo muka kunna, ta yi ta juya ɗigo-ɗigon nan, daga baya ta rubuta cewa tana mayar da abin da ta canza, ta koma Windows 10. Allah ya rufa asiri, babu abin da ya ɓace. Karo na biyu sai da muka ɗauke ta muka kai gidan maƙwabcina mai sola, can ta gama lafiya. Hajiya, naki na tebur ne, ba su da batir ko kaɗan. In ba ki da ondila mai riƙe wuta ko janareto a kunne, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hajiya Mai Sakatariya, Ali Ɗan Sofo

Na gode Baba. Ondila ɗaya gare ni, kuma ba ta riƙe wuta sosai, iyakarta a adana aiki a kashe. Tsawon wane lokaci abin ke ɗauka?

Mai Gyaran Kwamfuta, Babbar Kasuwa

Ya danganta da faifan. In SSD ne, sabon faifai mai sauri marar juyi, bayan an gama saukewa ƙasa da awa ɗaya ma yakan isa. In tsohon faifai ne mai juyi, wanda kike jin ƙararsa in kin kara kunne, ki ware masa rabin yini. Kuma tun da an zo nan, bari in faɗi abin da na fi gani a teburina. Mutum ya kawo injin mai RAM giga 4 da faifai mai juyi, ya ce Windows 11 ya kashe masa kwamfuta, sai ya danna abu ya je ya sha ruwa ya dawo kafin ya buɗe. Giga 4 ɗin nan da aka rubuta mafi ƙaranci ne don ya tashi kawai. In za a yi aikin gaske, a buɗe Word da Chrome da fayil ɗin hoto lokaci guda, sai giga 8 da SSD. Wanda ya sa SSD a tsohon injinsa ya fi wanda ya canza Windows ganin bambanci.

Wani abu kuma, ƙura. Lokacin hawa injin yana aiki da dukkan ƙarfinsa na tsawon lokaci. In fanka ta toshe da ƙurar hunturu, ga zafin garin nan, sai ya yi zafi ya kashe kansa a tsakiya, kuma sakamakon ɗaya ne da ɗaukewar wuta. A buɗe a hure shi tukuna.

Ɗalibi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo

Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ni abin da ya fi ci mini rai forfe ne, wato datar intanet. Fayil ɗin Windows 11 ya haura giga 5, kuma bayan an gama hawa ba a gama ba, sai ya shiga jawo wasu mizajur da direbobi (manhajojin da ke sa na'urori irin firinta aiki). Na haɗa tawa da wayata da dare, kafin safe forfe na wata ya tafi. Abin da na koya: in da waya kake ba kwamfuta intanet, shiga saitin wannan wifi ɗin ka kunna Connexion limitée, zai rage jan abubuwa ba da saninka ba. Kuma ana iya dakatar da mizajur har mako 5.

Hajiya, ke da ke da injina uku kada ki bar kowane ya sauke nasa. A sauke fayil ɗin ISO, wanda ake sa Windows da shi, sau ɗaya daga shafin Microsoft, a sa a kile mai giga 8 ko fiye, a yi amfani da shi ko'ina. A ajinmu mutum ɗaya ya sauke, kilen ya zagaya kowa.

Amma ni fa ra'ayina daban ne a kan biyun da suka ƙi. Me ya sa sai Windows? A sa musu Linux Mint, wani tsari da ke maye gurbin Windows. Kyauta ne, yana gudu a tsohon injin, mizajur na zuwa, kuma cutar nan ta kile da ke mayar da fayiloli rakursi (alamar fayil kawai, ba ainihinsa ba) ba ta kama shi. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel.

Hajiya Mai Sakatariya, Ali Ɗan Sofo

Ɗana, ku ɗin nan ku ne kuke kawo mini kundi mai shafi ɗari da wani abu, an jera teburori da lambobin shafi a Word, kuna tsaye a kaina gobe za ku kai wa malami. In na buɗe a wani abu daban layi ɗaya ya zame, shafukan duka sun rikice, wa za ku kama? Ban ƙi ta taka ba, amma ba a shagon da ake buga aikin mutane ba.

Ɗalibi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo

Hakane Mama, yakan zame, musamman in babu irin harafin da aka yi rubutun da shi. Maganinsa mu riƙa kawo miki PDF. Amma na yarda ba kowa zai yi ba.

Akawu, Tasawa

Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi kowanne ciwo.

Na kai kwamfutata wurin wani yaro ya goge ta ya sa Windows 11 sabo fil. Ya yi aiki mai kyau a ido, ta dawo tana gudu. Ashe da ya kai wurin da ake neman asusun Microsoft, bai kira ni ba, sai ya buɗe wani asusu da ka don ya wuce wurin, bai rubuta kalmar sirri ba, bai faɗa mini ba. Na ci gaba da aiki, lissafin ƙungiyar manoma da nake riƙe wa littafi duk yana ciki: wanda ya karɓi taki, wanda ya biya, wanda ake bi. Bayan wani lokaci babban allon cikin injin (carte mère) ya samu matsala aka canza wani abu a ciki. Ina kunnawa sai ga shuɗin allo, BitLocker, makullin faifai na Windows, yana neman mabuɗi mai lamba 48. Ban taɓa jin sunan ba sai ranar. Na koma wurin yaron, ya yi ta gwada kalmomi, bai tuna ba. Na kai wa masu gyara a nan da Maraɗi, kowa ya ce ba a fasa shi. Faifan lafiyarsa lau, fayilolin na ciki, amma a kulle. Abin da ya cece ni littafin takarda da magatakardan ƙungiya ke rubutawa da biro, da shi muka zauna muka sake shigar da komai layi-layi, wasu wuraren sai da muka kira mutane suka zo da rasit ɗinsu.

Ina roƙon duk mai Windows 11 ya duba yau ɗin nan. Paramètres, sashen Confidentialité et sécurité, a nemi Chiffrement de l'appareil. In a kunne yake, ka tabbata asusun da ke kan injin naka ne, ka shiga ciki ka kwafe lambobin nan 48 a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardar fili.

Malam Mai Ritaya, Bagalam

Inna lillahi. Allah shi mayar da alheri, Malam. Yanzu zan kira ɗana ya duba tawa.

Mai Gyaran Kwamfuta, Babbar Kasuwa

Yaya, sannu da wannan jarrabawa. Abin da ka faɗa haka yake. Tun 24H2, in an goge injin an sa sabo aka shiga da asusun Microsoft, kulle faifan yakan kunna kansa, har a zubin Famille, wato na gida, kuma mabuɗin yana tafiya cikin wannan asusun. Shi kullen ba mugun abu ba ne, in an sace maka kwamfuta ɓarawo ba zai karanta komai ba. Inda ake cutar mutane shi ne mai gyara ya sa asusunsa ko na ƙarya. Ina kira ga abokan sana'ata, wallahi wannan amana ce. Mai injin ya zauna kusa da kai ya shigar da nasa da hannunsa, ko ka yi masa asusu na cikin injin kawai. A Rufus ɗin ma akwai wurin da ake cire neman asusu, da wurin da ake hana kullen kunna kansa. Minti biyu ne, amma gaggawar a sallami wannan a karɓi na gaba ta sa ba a yi.

Hajiya, ke taki da ta cika sharaɗi ba goge ta za a yi ba. Hawa a kan na da ake yi, fayiloli da manhajoji su zauna inda suke, kuma in Windows 10 ɗinki mai lasisi ne ba za ki biya ko dala ba. Duk da haka a kwashe komai a faifan waje kafin a taɓa, a buɗe wasu fayilolin daga can a tabbatar sun kwafu da gaske. Na ga wanda ya kwashe rakursi zalla yana zaton fayiloli ne.

Malamar Lakwal, Tibiri

Ni nawa ya hau lafiya, babu abin da ya ɓace, amma kwanakin farko na sha wuya da neman abubuwa. Maɓallin farawa ya koma tsakiya. In ka danna dama a kan fayil, kwafi da liƙa sun zama ƴan hotuna ƙanana a sama, sauran abubuwan sai ka ƙara dannawa a ƙasa kafin su fito. WordPad da nake rubuta ƴan takardun aji da shi na neme shi na rasa, ashe an cire shi gaba ɗaya. Na mayar da maɓallin farawa hagu ta cikin saitin barre des tâches, sauran kuma hannu ya saba. Gaskiya yanzu ina jin daɗinsa, musamman yadda ake raba allo biyu, jerin makin ɗalibai a gefe, takardar da nake cikawa a gefe.

Abin da bai dawo ba shi ne tsohuwar sikana ta makaranta. Firinta ta yi aiki, sikana ko motsi.

Mai Gyaran Kwamfuta, Babbar Kasuwa

Malama, in kin riƙe Shift kika danna dama, tsohon jerin zai fito kai tsaye.

Maganar sikana kuma ta shafi Hajiya fiye da kowa, don shagon sakatariya firinta da fotokwafi ne ransa. Windows 11 ba shi da zubin bit 32 ko kaɗan, 64 ne kawai. Akwai tsofaffin firintoci da sikanoni da direbansu na bit 32 ne kaɗai, kamfanin bai sake yin wani ba. Irin waɗannan in an hau sun zama kayan ado. Don haka kafin a danna komai, a rubuta sunan kowace na'ura da lambarta, a shiga shafin kamfanin a ga ko akwai direban bit 64. Yawanci in na Windows 10 mai bit 64 yana nan, yana aiki a 11.

Kuma a riƙe wannan: bayan hawa kwana 10 ne kawai ake da su na komawa baya. Paramètres, Système, Récupération, akwai maɓallin komawa. A cikin kwanakin nan a gwada komai, a buga, a yi sikan, a buɗe manhajar lissafi, a sa kile. Za ku ga wata jaka mai suna Windows.old ta cinye fili mai yawa. Kada a share ta don neman wuri, ita ce hanyar komawar. Mutane da yawa suna share ta ranar farko, rana ta uku su gano firinta ba ta yi.

Malam Mai Ritaya, Bagalam

Ɗana ya duba, tawa ba a kulle take ba, alhamdu lillahi. Bari in ƙara wani abu ga masu rubuta Hausa irina. Madanninmu na nan galibi AZERTY ne na Faransanci, babu ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a kai. A cikin Windows akwai madannin Hausa, ana ƙara shi a saitin harshe, a riƙa sauyawa da maɓallin Windows da sandar tazara. Wanda aka goge wa injin sai ya sake ƙara shi, ba ya dawowa da kanshi. A lura dai tsarin QWERTY yake bi, in an sauya A da Q za su canza wuri. Hajiya, ke da ke buga katin aure da na suna, ki sa a duba miki wannan. Ina jin zafi in na ga an buga sunan mutum babu lanƙwasa a katin da za a raba wa gari.

Hajiya Mai Sakatariya, Ali Ɗan Sofo

In sha Allahu Baba. To na fahimci ta farko: a kwashe kaya, a hure ƙura, a samu wuta tsayayya, a duba direban firinta. Biyun fa? Na duba kamar yadda aka ce, ɗaya i5-6500 ce, ɗaya i3-4130. Ke nan ba TPM ba ne matsalar. In bar su haka, ko in bi ta Alhaji?

Ɗalibi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo

Mama, akwai hanya ta uku da ba a faɗa ba. Microsoft ta buɗe ƙarin shekara ɗaya ta mizajur ɗin tsaro ga Windows 10, sunan shirin ESU, a sanarwar 2025 an ce zai kai 13 ga Oktoba 2026. Sharaɗi injin ya kasance a zubin 22H2, ki danna Windows da R ki rubuta winver ki gani, kuma lasisinsa ya zama na gaskiya. Ana shiga ta Windows Update. Ko a biya dalar Amurka 30, wanda ya haura jikka 15, ko a shiga kyauta in an yarda a haɗa saitin injin da asusun Microsoft. An tsara wannan don masu injin kansu ne, na kamfanoni farashinsa daban.

Ɗan Kasuwa Mai Kawo Kaya daga Kano

Lasisi na gaskiya? A cikin injinan da ke garin nan nawa ne ke da shi? Mu faɗa wa juna gaskiya.

Mai Gyaran Kwamfuta, Babbar Kasuwa

Sun fi yadda kake zato, Alhaji. Injinan ofis da ake kwasowa daga Turai da Amurka da yawansu lasisin yana cikin allon injin tun daga masana'anta. Sai a zo nan a goge a sa wani gurɓataccen Windows da aka sauke daga inda ba a sani ba, a bi shi da manhajar fasa lasisi, alhali in an sa na asali zubin da ya dace da kansa zai kunnu in ya ga intanet. Waɗannan gurɓatattun su ne ke zuwa da Defender, mai kama cuta na Windows, a kashe da Windows Update a toshe. Mai irin wannan injin ai tun kafin Oktoba 2025 ba ya samun komai.

Hajiya, ga abin da zan yi in shagona ne. Ta farko ta hau 11, ita za ta zama mai intanet: imel, WhatsApp, sauke takardun da ake turo miki. Duk kilen da baƙo ya kawo a fara sa shi a ita a bincike shi. Ta biyu, i5-6500, in ta samu shiga ESU ta zauna a 10 zuwa ƙarshen wa'adin, kina tara kuɗin canji a hankali. In ba ta samu ba, injin ne mai ƙarfi, da RAM giga 8 da SSD zai ɗauki 11 ta hanyar Rufus, muddin kin san cewa duk shekara sai an duba ta da hannu. Ta uku a cire ta daga intanet gaba ɗaya ta zama ta bugu da fotokwafi.

Akawu, Tasawa

Cire intanet kaɗai ya isa? Ai a shagon sakatariya ta kile cuta ke shiga, ba ta waya ba.

Mai Gyaran Kwamfuta, Babbar Kasuwa

Bai isa ba yaya, shi ya sa na ce kile ya fara bi ta mai 11. Kuma kada a raina abin. A Mayu 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 100, har asibitocin Ingila, kuma ta bi ta kafar da aka riga aka fitar da maganinta tun Maris, waɗanda ba su sa ba su ta kama. Yanzu a Windows 10 da ba ya cikin ESU, ko an gano irin wannan kafa babu maganin da zai zo. Wanda ke shiga asusun banki ko tura kuɗi ta kwamfuta, shi ne na farko da ya kamata ya matsa.

Wani abin da ake mantawa: Office 2016 da 2019 su ma a ranar 14 ga Oktoba 2025 ɗin aka daina kula da su. Suna aiki, a 10 da a 11 duka, amma hawa 11 bai sabunta su ba. In takarda ta zo daga wanda ba ki sani ba tana neman a kunna makro (ƴar manhajar da ke cikin takardar), kada a kunna.

Ɗan Kasuwa Mai Kawo Kaya daga Kano

Na ji. Zan riƙa faɗa wa mai saye zubin injin da yadda aka hau masa. Amma ina nan kan bakana, zubi na 6 da na 7 injina ne masu rai, suna da sauran shekaru a gaba, kuma jefar da su asara ce ga talaka. Can inda aka yanke sharaɗin su suna canza injin duk bayan ƴan shekaru, mu nan wanda suka ajiye shi ne sabonmu.

Malam Mai Ritaya, Bagalam

A nan kam ina bayanka Alhaji, ɗari bisa ɗari. Makarantu nawa ne a Dakoro da Mayahi da Gidan Rumji da ko irin wanda ake cewa ya tsufa ba su samu ba? Wanda zai canza nashi kada ya bar tsohon ƙura ta cinye shi a lungu. A sa mishi abin nan da yaron jami'a ya faɗa, a ba yara su koyi bugu.

Ɗalibi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo

Baba, in an samu injinan, ni da abokaina za mu sa musu Linux Mint kyauta, da madannin Hausa. Ana iya gwada shi daga kile ma ba tare da an goge komai ba, mai injin ya gani da idonsa kafin ya yanke shawara.

Malamar Lakwal, Tibiri

Ni dai a taimaka mini da sikanata. Kwana goman sun wuce tuni. Shi ke nan ta tafi?

Mai Gyaran Kwamfuta, Babbar Kasuwa

Ba lallai ba, Malama. Ki juya ta ki ɗauki hoton takardar da ke manne a ƙasanta, mai suna da lamba, ki turo nan. In akwai direban bit 64, ko na Windows 7 ne, sau da yawa ana sa shi da hannu ta Gestionnaire de périphériques ya kama. In babu, a makarantarku akwai wata kwamfutar da ba a taɓa ba? A haɗa sikanar da ita a bar ta can. Ki haɗo da wayar USB ɗinta ranar da za ki shigo Maraɗi, don wani lokacin ita ce ke mutuwa a ɗora wa Windows laifi.